Ilimin da Bai Koma Gida Ba: Sharhi a kan Masana da Unguwar Kilomita Biyar

A birnin Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, akwai wata unguwa da ake kira Kilomita Biyar. Ta sami wannan suna ne domin nisanta daga tsakiyar gari, wajen bakin kogin Ubangi, kilomita biyar ne. A cikin takardun hukuma da na 'yan jarida akan rubuta sunan a gajarce, PK5. Tun zamanin mulkin Faransa fatake suka riƙa sauka a nan, Hausawa da Barebari da Fulani da Larabawan Chadi, da mutanen Senegal da Mali da Kamaru, suka zauna tare da 'yan ƙasa, suka yi auratayya, har kasuwarsu ta zama uwar kasuwannin birnin. Babban masallacin Bangui yana cikinta, majami'ar Katolika ta Fatima kuwa tana gefenta.

Duniya ba ta san unguwar ba sai da jini ya zuba. A ranar 24 ga Maris 2013 'yan tawayen Seleka suka ƙwace Bangui, suka kori shugaba François Bozizé. A ranar 5 ga Disamba na shekarar kuma 'yan bindigar da ake kira anti-balaka suka faɗa wa birnin. Cikin watannin da suka biyo baya Musulmi dubbai suka tsere zuwa Chadi da Kamaru, waɗanda suka rage yawancinsu suka taru a Kilomita Biyar, fita daga cikinta ta zama kasada ga ransu. Daga nan baƙi masu littattafan rubutu da na'urorin ɗaukar magana suka yi ta zuwa: masana daga jami'o'i, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya. Sun yi tambayoyi, an ba su amsa, sun tafi sun rubuta. Abin dubawa a nan shi ne inda rubutun ya ƙare, da kuma ko horon da ake ba masana a yau na yin magana ta kafofin watsa labarai ya isa ya mayar da shi wurin masu shi.

LITTAFIN DA YA CANCANCI YABO

A shekarar 2015 kamfanin Zed Books na London ya buga wani littafi mai suna Making Sense of the Central African Republic, wato ƙoƙarin gane halin da ƙasar take ciki. Tatiana Carayannis da Louisa Lombard ne suka tattara shi daga hannun masana da dama. A cikinsa akwai babi guda a kan Kilomita Biyar kaɗai, wanda Faouzi Kilembe ya rubuta. A shekarar 2016 Lombard ta ƙara da nata littafin, State of Rebellion.

Dole a ba waɗannan ayyuka haƙƙinsu. A lokacin da gidajen rediyon duniya suke ta maimaita cewa Kirista da Musulmi ne suke yaƙi, masanan sun koma baya sun tono saiwar abin. Sun nuna yadda Turawan mulki suka ba kamfanoni hayar ƙasar da mutanenta, suka bar ta ba makarantu ba hanyoyi. Sun nuna yadda gwamnatocin bayan samun 'yanci a 1960 suka mai da hankali ga Bangui, suka manta da arewa maso gabas. Sun yi bayanin cinikin lu'ulu'u da katako, da hannun maƙwabta kamar Chadi a cikin juyin mulki. Game da Kilomita Biyar kuwa, babbar maganar ita ce ta wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Mutumin da aka haifi kakansa a Bangui yakan sha wahala wajen samun takardar shaidar zama ɗan ƙasa saboda sunansa na Musulmi ne, maƙwabcinsa kuwa da ba shi da jari yakan dube shi a matsayin baƙon da ya zo ya kwashe arzikin gari. Addini ya shiga rigimar, ba mai musun wannan, amma ya tarar da wutar tana ci.

Abin da ya faru daga baya ya gaskata su. A watan Disamba 2019 an gwabza faɗa a cikin unguwar, mutane da yawa suka mutu, shaguna suka ƙone. Faɗan tsakanin 'yan kasuwa ne da ƙungiyoyin 'yan bindigar da suke cewa suna tsaron unguwar, suna kuwa karɓar haraji da ƙarfi. Ɓangarorin biyu alƙiblarsu ɗaya. Wanda ya karanta littattafan nan bai yi mamaki ba. Wanda labarin Kirista da Musulmi kaɗai ya sani, ya rasa inda zai sa wannan.

AIBIN DA BA A CIKA FAƊA BA

Littafin ya fito da Turanci, a Ingila. Harsunan hukuma na ƙasar su ne Faransanci da Sango, Sango ne kuwa harshen kasuwa da gida da sujada. A Kilomita Biyar akan ƙara da Larabcin Chadi da Fulatanci da Hausa. Ƙididdigar hukumar UNESCO ta nuna cewa manyan da suka iya karatu a ƙasar ba su kai huɗu cikin goma ba. Saboda haka mai sayar da atamfa da ya zauna awa biyu yana amsa tambayoyi, da gwauruwar da ta sake buɗe mikin zuciyarta domin baƙo ya rubuta, da matashin Kirista na unguwar Fatima da ya fi kowa bukatar jin tarihin maƙwabcinsa, ba ɗayansu da wannan littafi zai iya yi wa magana kai tsaye.

Haka yake da manyan rahotanni. A watan Mayu 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya jera munanan abubuwa 620 na keta haƙƙin ɗan Adam da aka aikata a ƙasar daga 2003 zuwa 2015. Aiki ne mai nauyi, shafuffuka ɗaruruwa, an kuwa yi shi ne domin ya taimaki masu shari'a, musamman Kotun Musamman da doka ta kafa a 2015. Amma kowane lamba cikin 620 ɗin nan gidan wani ne. Mutanen da suka ba da shaida suna da haƙƙin su ji, da harshensu, abin da shaidarsu ta zama sa'ad da aka haɗa ta da ta waɗansu.

Masana suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Za su ce sun rubuta ne domin masu yanke shawara a New York da Paris da Addis Ababa, gama kuskuren waɗannan yakan ci rayuka. Za su ce jami'a takan auna malami da abin da ya buga a mujallun masana, ba ta kuwa ba shi ko sisi domin zuwa gidan rediyo. Za su kuma ce faɗin waɗansu abubuwa a fili a Bangui yana iya jawo wa wanda ya ba da labari kisa. Duk gaskiya ne. Amma wanda ya karɓi labarin mutum ya karɓi amana. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Digiri da ƙarin girma da gayyata zuwa taro su ne ladan, askin kuwa shi ne a koma a faɗa wa mutane abin da aka gano.

HORON DA AKE BAYARWA

A shekarun nan an farga da wannan giɓi, jami'o'i da ƙungiyoyi suna shirya tarurrukan koya wa masana yadda za su yi magana da jama'a. Tun 2001 akwai SciDev.Net, mai kawo labaran kimiyya da suka shafi ƙasashe masu tasowa. A 2015 aka buɗe The Conversation Africa a Johannesburg, inda malamin jami'a yakan rubuta da taimakon edita ɗan jarida, a kuma bar kowace jarida ta sake bugawa kyauta. Darussan da akan koyar sanannu ne: a fara da abin da aka gano kafin a faɗi yadda aka gano shi, a yar da kalmomin da sai ɗan aji ya sani, a kawo misali daga rayuwar yau da kullum, a shirya muhimman maganganu biyu ko uku kafin a zauna gaban makirfo.

Darussa ne masu kyau, malamin da ya koye su ya ƙaru. Inda suka gaza shi ne wajen tambayar ko wace ce jama'ar. Sau da yawa jama'ar da ake nufi ita ce mai karanta Turanci ko Faransanci a intanet, mai wutar lantarki da kuɗin sayen data. Masanin da ya sauƙaƙa bincikensa a kan Kilomita Biyar ya sa a shafin intanet ya matso daga ɗakin karatu na jami'a zuwa teburin ma'aikacin ofis a Dakar ko Brussels. Tafiya ce, amma har yanzu bai iso kasuwa ba.

Hanyar da take isa kasuwa a Bangui ita ce rediyo. Tun shekarar 2000 gidan Radio Ndeke Luka, wanda gidauniyar Hirondelle ta ƙasar Suwizalan ta kafa, yake watsa shirye-shirye da Sango da Faransanci. Sunan da harshen Sango yana nufin tsuntsun sa'a. Katolika suna da Radio Notre Dame, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta buɗe Guira FM a 2014. Ƙaramar rediyo mai batir, ko wayar hannu mai kama tasha, ba ta tambayar mutum ko ya yi makaranta. Horon da zai yi amfani a irin wannan wuri dole ya sa masanin ya zauna da ɗan jarida mai jin Sango kwana da kwanaki kafin shirin, su nemi kalmar da ta dace da kowace ma'ana, su gwada ta a kunnen talaka. Dole kuma ya koya masa jimre wa shirin da masu sauraro suke bugo waya, inda dattijon da abin ya faru a ƙofar gidansa zai ce masa, “Malam, ba haka aka yi ba.” Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masanin da ya karɓi irin wannan gyara a bainar jama'a ya sami abin da abokan aikinsa na jami'a ba za su iya ba shi ba.

HAƊARIN GAJARTAWA

Akwai gefe na biyu da masu horarwa ba su cika tsayawa a kai ba. Sukan matsa wa masani ya gajarta, ya yi magana mai kama kunne. A wurin da zukata suke a tafashe, gajartawa tana iya zama shaidar zur. Magana zarar bunu ce. A 2011, tun kafin zuwan Seleka, an tsinci gawar yara biyu a cikin motar wani Musulmi a Bangui. Kafin hukuma ta gama bincike labari ya riga ya zaga gari, aka kashe mutane, aka ƙone masallatai. A ranar 1 ga Mayu 2018 'yan bindiga suka kai hari majami'ar Fatima ana cikin sujada, suka kashe masu bi da yawa tare da Fada Albert Toungoumale-Baba. A ranar ce kuma taron masu fushi suka huce a kan wani masallaci da kan Musulmin da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A gari irin wannan, in masani ya ce “mutanen Kilomita Biyar” alhali ƙungiya ɗaya ta 'yan bindiga yake nufi, ko ya ce “Kirista” alhali anti-balaka yake nufi, ya rage kalmomi uku, ya kuwa ƙara itace a wuta.

Arewacin Nijeriya ta ɗanɗana wani irin wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani bincike da ya shafi yara kimanin 200. Goma sha ɗaya suka mutu, iyaye kuma suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji ne ba. Sa'ad da jita-jita ta tashi a 2003 cewa allurar shan inna tana hana haihuwa, ta tarar da ƙasa a jiƙe. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa Yuli 2004, cutar kuwa ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har da Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Likitoci suna da hujjojinsu a rubuce tun farko. Abin da ya dawo da jama'a shi ne sa'ad da sarakuna da malaman addini suka karɓi bayanin, suka faɗe shi da bakinsu. A watan Agusta 2014 kuma, da cutar Ebola ta shiga Legas, saƙon waya ya zaga ƙasar cikin dare ɗaya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa kariya ne. Mutane suka kwanta asibiti, waɗansu suka rasa ransu. Inda mai sani ya yi shiru ko ya makara, marar sani yakan hau mumbari.

Maganin wannan shi ne masani ya koyi rarrabe wa mai sauraro abin da aka tabbatar da abin da ake zato. Cibiyar Pasteur ta Bangui, wadda aka kafa a 1961, ta daɗe tana binciken ƙyandar biri, cutar da ta ɓulla har cikin Bangui a 2024. Sunan cutar kansa yana ruɗarwa. An fara ganin ƙwayar ne a jikin birai na ɗakin gwaji a ƙasar Denmak a 1958, an kuma fara samunta a jikin mutum a Kwango a 1970, amma masana sun fi zargin ƙananan dabbobin daji irin su kurege da gafiya da ɗauke da ita. Mai bayani nagari zai ce, “An tabbata tana yaɗuwa ta taɓa ƙurajen marar lafiya da tufafinsa da shimfiɗarsa. Dabbar da take ɓoye ta a daji kuwa, ana zargin su kurege, ba a gama tabbatarwa ba.” Wannan bai fi numfashi biyu ba, bai kuwa yi ƙarya ba. Talaka yana iya ɗaukar “ba a gama sani ba”. Abin da ba ya yafewa shi ne a ce masa an tabbata, gobe a sauya magana.

ABIN DA YA SHAFI IKKILISIYA

Kada mai karatu ya ɗauka laifin na Turawa ne da jami'o'in gwamnati kaɗai. A cikin Bangui ɗin nan akwai makarantar tauhidi ta FATEB, wadda ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska ta buɗe a 1977. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi mafarkinta shi ne Dokta Byang Kato, mutumin Kwoi, wanda ya riƙe sakataren ECWA, ya kuma zama babban sakataren ƙungiyar a 1973. Ya rasu a bakin teku a ƙasar Kenya a watan Disamba 1975, bai ga buɗewarta ba. Burinsa shi ne Afirka ta sami masanan tauhidi nata. Allah ya amsa: daga Bangui zuwa Bukuru da Jos da Kagoro da Igbaja, kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundaye a kan aure da gado, da zaman Kirista da Musulmi, da rikicin manoma da makiyaya, da tarihin ikkilisiyoyin ƙauye. Dattawa sukan ba da labarin da Hausa ko da harshen gida, ɗalibi ya rubuta da Turanci, a ɗaure kundin da baƙin bango, a jera shi a kanta. Dattijon yakan mutu bai ji ko layi ɗaya ba. Abin da aka yi wa Kilomita Biyar ke nan, sai dai wannan karo ɗan gida ne ya yi.

Ikkilisiya kuwa ba ta da hujja, gama tarihinta tarihin fassara ne. An kammala Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Jaridar Labarin Ekklesiya da shirye-shiryen Muryar Bishara da na ELWA sun kai koyarwa ƙauyukan da mota ba ta zuwa. Nassi kansa ya ba da gurbi. A Nehemiya sura 8, sa'ad da Ezra ya karanta Attaura a dandali, Lawiyawa suka bi jama'a suna bayyana ma'ana har kowa ya fahimta. Luka ya buɗe bishararsa da cewa ya bi diddigin al'amuran a hankali, sa'an nan ya rubuta su bi da bi domin mai karatunsa ya tabbata. A 1 Korantiyawa sura 14 Bulus ya fifita kalmomi kaɗan da za su koyar da jama'a a kan dubban kalmomi cikin harshen da ba mai ganewa. Maganarsa a kan sujada ce, amma ma'aunin ya dace da kundin digiri.

Shugabannin addini na Bangui sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne. A tsakiyar rikicin, Akbishop Dieudonné Nzapalainga, da Liman Oumar Kobine Layama, da Fasto Nicolas Guérékoyamé-Gbangou suka riƙa yawo tare, suna faɗa wa jama'a cewa kada su yarda a mai da wannan yaƙin addini. Akbishop ya ma ba limamin da iyalinsa mafaka a gidansa. A ranar 30 ga Nuwamba 2015 Paparoma Francis ya shiga Kilomita Biyar, ya ziyarci babban masallacin. Abin da masana suka rubuta a shafuffuka ɗaruruwa, waɗannan mutane sun faɗe shi a gaban taro da bakin da jama'a suka amince da shi. Da masanan da shugabannin sun haɗa hannu sosai, ɗaya ya kawo hujja ɗaya ya kawo amincewa, da maganar ta fi haka nauyi.

Saboda haka ya kamata makarantun tauhidi da na Littafi Mai Tsarki su sa wannan cikin sharuɗɗan kammala karatu. Ɗalibin da ya rubuta kundi ya taƙaita shi da Hausa ko da harshen mutanen da ya bincika, cikin shafi biyu ko uku. Ya koma ya karanta musu a taron dattawa ko na zumuntar mata, ya ɓoye sunan duk wanda bayyana shi zai jawo masa cuta, ya kuma rubuta gyaran da suka yi masa. In binciken ya shafi maƙwabta Musulmi, su ma a kai musu, gama doka ta tara ba ta ware maƙwabcin da aka halatta a yi wa shaidar zur ba. Gidajen rediyo da mujallun ikkilisiya kuma su buɗe fili na kullum domin irin wannan, su haɗa kowane malami da mai gabatarwa da zai tsayar da shi duk lokacin da ya faɗi kalmar da tsohuwa ba za ta gane ba.

Mutanen Kilomita Biyar sun ba duniya labarinsu a lokacin da ba su da tabbacin kwana. Haka dattawan ikkilisiyoyi da yawa a ƙasar Hausa da kewayenta suka ba 'ya'yansu masu karatu nasu labarin. Bashin yana nan, waɗanda ake bi suna da rai, da yawa daga cikin masu bin bashin ma suna da rai tukuna. Ubangiji ya ba masu ilimi tawali'un komawa su biya tun da sauran lokaci.